Da Sallama Na Shiga Zauren Turawa

Shekarun baya, a wata damina mai ƙarfi, rufin ɗakin mahaifina ya yi yoyo. A lokacin ya kwana biyu da rasuwa, Allah Ya jiƙansa, ɗakin kuma a rufe yake, sai jefi-jefi mahaifiyata take buɗewa ta share. Gidanmu a unguwar Sheshe yake cikin birnin Kano, ginin ƙasa ne tun na kakanni. Indararo ya toshe ba mu lura ba, ruwa ya kwanta a kan soro, ya bi azara ya riƙa ɗiga daidai kan akwatin da littattafansa suke ciki.

Ba bugaggun littattafai ba ne. Rubutun hannunsa ne da na malaminsa, takardu a warware ba ɗinki, kowane littafi a cikin gafakarsa ta fata. Akwai fiƙihu, akwai waƙoƙin wa'azi da ajami, akwai wanda ya kwafa tun yana saurayi. Da muka buɗe akwatin, warin fumfuna ne ya fara tarar mu. Takardun sun manne da juna kamar an shafa musu koko. Na ɗaga gefen guda ɗaya a hankali, sai na ga rubutun wannan shafin yana biyo bayan wancan. Na mayar na ajiye.

Mahaifiyata ta ce, "A fitar da su rana. Duk abin da ya jiƙe ai rana ce maganinsa."

Na ce, "Hajiya, ki ɗan ba ni lokaci in tambaya."

"Ka tambayi wa? Masu irin wannan sanin duk sun bi shi. Na ba ka zuwa ranar da gari zai washe. In rana ta fito sosai, ni da kaina zan shanya su."

Ni ɗan makarantar allo ne. Da ajami nake rubuta komai, har yau in zan tuna wa kaina abu da shi nake rubutawa. Boko kuwa firamare na gama na tsaya, na kama sayar da kayan ƙarfe a Ƙofar Ruwa. Turancina na sunayen kaya ne. In aka ba ni takarda zan karanta a hankali in fahimci rabi, amma a ce in zauna in rubuta, wannan ban taɓa yi ba.

Ina da wani aboki tun na ƙuruciya, yana aikin ofis a Gwale. Shi ne ya nuna mini a waya cewa akwai wani zaure a intanet inda masu gyaran tsofaffin littattafai daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa, kowa ya kawo matsalarsa a ba shi shawara kyauta. Da Turanci ake magana a ciki. Ya buɗe mini shafi ya ce in rubuta abin da ke damuna, ya wuce wajen aikinsa.

To, ni yadda aka koya mini wasiƙa, ba a fara ta da buƙata, kamar yadda ba a faɗa wa gidan mutane babu sallama. Na zauna a rumfa na tsara ta da ajami tukuna, yadda mahaifina yake yi in zai rubuta wa manya. Na fara da sunan Allah. Na yi gaisuwa mai yawa ga ma'abota wannan zaure masu daraja, da fatan suna lafiya, su da iyalansu. Na gabatar da kaina, na ce daga Kano nake a Najeriya. Bayan haka na ce mahaifina ya rasu ya bar mini dukiya mai girma a cikin akwati, dukiyar tana cikin haɗari, ina neman amintaccen mutum mai tsoron Allah da zai taimake ni, kuma ba zan manta da alherinsa ba. Sai can ƙasa na ambaci ruwa da takardu. Na juya ta zuwa Turanci kalma bayan kalma da ƙamus na waya, na aika. Har wani daɗi na ji, na ce yau Turawa za su ga ladabi.

Washegari na duba, an cire saƙon. Kafin a cire, mutane sun yi ta rubutu a ƙarƙashinsa. Wani ya ce, "Bari in ƙarasa maka: sai mu turo lambar asusunmu na banki, ko?" Wasu suka jera fuskokin dariya. Ban gane ba. Da abokina ya biyo ta rumfa na miƙa masa wayar. Ya karanta, ya yi dariya har sai da ya dafa tarin rodi.

"Malam, ka san abin da ka rubuta kuwa? Doguwar gaisuwa, sunan Allah, uba ya rasu, dukiya a akwati, ana neman amintacce, kuma daga Najeriya! Wallahi su kansu 'yan damfarar ba su kai ka iya tsarawa ba."

Nan ya bayyana mini cewa shekara da shekaru 'yan damfara suna aika wa mutanen waje irin wannan wasiƙar sak, har sun haddace ta. Na ji kunya, amma ba ta daɗe ba, wani abu mai zafi ya maye gurbinta.

Ya ce, "Kawo in gyara maka. Mu buɗe sabon shafi da wani suna, ba Kano, ba Najeriya, ba gaisuwa. Layi biyu zan rubuta: tsohon littafi ya jiƙe, ya manne, me za a yi? Kafin la'asar ka samu amsa."

Na ce a'a.

"Kai dai taurin kanka ne zai ruɓar da takardun mahaifinka."

Na ce masa, "Ɓarayi ne suka ɗauki gaisuwarmu suka je suka yi sata da ita. Saboda haka ni ne zan daina gaisuwa? Ni ne zan ɓoye garinmu kamar wanda ya yi abin kunya? Takardun mahaifina ne, a Kano aka rubuta su, da bakina zan nema musu magani, ko da Turancin nawa a karye yake."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce Allah Ya taimaka. A gaskiya da ya tafi sai da gabana ya faɗi, don fumfuna ba ta san wani abu wai shi mutunci ba, ci kawai take yi.

Na koma gida na ɗauki hoton takardun, da hannuna a kansu, da ramin rufin. Na rubuta wa masu kula da zauren da Turancina yadda ya zo. Na ce musu ni ba ɓarawo ba ne, wannan ita ce dukiyar, ba ta sayuwa, kuma ba na neman ko sisin kowa. Ban cire gaisuwar ba. Suka mayar da saƙon, ɗaya daga cikinsu har ya ba ni haƙuri.

Shawarwari suka fara zuwa. Mutum biyu ko uku suka ce in kara takardun a kan tururin ruwan zafi, za su saki juna. Har na ɗora tukunya a wuta. Ina jiran ta tafasa sai ga saƙon wata dattijuwa, wadda ta yi ritaya daga aikin gyaran littattafai a wata ƙasa mai sanyi. Ta ce, "Ka ce daga Kano kake. Kafin ka yi komai, faɗa mini, da me aka yi tawadar?"

Na sauke tukunyar na zauna neman kalmomi. Ban san sunan ƙaro da Turanci ba, sai na ce mata hawayen bishiya ne mai danƙo. Na ce tawadar gida ce, da gawayi da wannan danƙon, irin wadda muke rubutu da ita a allo, in mun haddace mu wanke da ruwa.

Amsarta da manyan baƙaƙe ta zo. Kada tururi ya taɓa su. Kada rana ta taɓa su. Ta ce, "Tawadar da ruwa yake wankewa daga katako, tururi zai wanke ta daga takarda."

Na daɗe ina kallon tukunyar nan. Ni da na wanke allo ya fi a ƙirga, ban yi wannan tunanin ba, saboda Bature ya ce tururi. Da a ce layi biyun abokina aka aika, babu Kano a ciki, babu wanda zai tambayi tawada, kuma da yanzu farar takarda nake ajiye da ita.

Daga nan aiki ya koma tsakanina da ita. Kullum sai na kwatanta mata abin da na gani: wane gefe ne ya yi laushi, wane launi fumfunar take da shi, yaya takardar take ƙara in an lanƙwasa ta. Ta ce in saka su a firiza don a tsayar da fumfuna, na yi mata bayanin yadda wutarmu take zuwa da tafiya, ta janye maganar. Muka tsaya a kan inuwa, da iska, da farar takarda a tsakanin waɗanda suka saki, da wani siririn kara da na feƙe na goge shi ya yi santsi. Amma Turancina yana ba mu wahala. Wata rana na so in ce shafin ya fara saki, ta fahimci ya yage, hankalinta ya tashi a banza.

Sai na roƙe ta ta riƙa gyara mini duk abin da na rubuta. Ta ƙi. Ta ce a wurinsu rashin ladabi ne ka gyara wa babban mutum magana. Na ce mata a wurinmu malamin da ya ji ka yi kuskure ya yi shiru, ya fid da rai da kai ne. Ta yarda, amma da sharaɗi: in riƙa fara saƙo da tambayata, don mai karatu ya san abin da ake ciki. Na ce na yarda tambaya ta hau sama, amma layi ɗaya na gaisuwa zai riga ta, wannan ba na sayarwa ba ne. Muka yi ciniki kamar a Ƙofar Ruwa, aka tsaya a haka.

Ni kuma hanya ɗaya na sani ta koyo. Na sayi sabon allo, don ba zan haɗa shi da na karatuna ba. Duk jimlar da ta gyara mini sai in rubuta ta a kai da alƙalamin kara, hannuna yana ta son komawa dama ina janyo shi hagu. In yi ta biyawa a rumfa tsakanin masu ciniki, ba na wankewa sai na iya rubuta ta da ka. Mahaifiyata ta same ni ina wanke shi a bakin rariya, ta ce, "Kada dai ka sha wannan, ka wayi gari kana yi mini Turanci a gida."

Ranar da gari ya washe kuwa, na dawo na tarar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Na faɗa mata abin da dattijuwar ta ce game da rana.

"Ita wace ce? Ta taɓa ganin damina?"

"Aikinta ke nan tun tana yarinya, Hajiya."

"Tsohuwa ce?"

"Za ta yi sa'arki."

Ta naɗe tabarmarta. "To, ka gaishe ta. Ka ce ina yi mata sannu da ɗawainiya."

Na isar da gaisuwar. Dattijuwar ta ce in tambayi mahaifiyata yaya ƙafafunta, don ita nata suna damunta in sanyi ya shigo. Tun daga ranar ita ma ta koma fara saƙonta da tambayar mutanen gida.

Aikin ya kai mu har rani. Ba duka aka tsira da su ba. Waɗanda suke ƙasan akwatin sun yi baƙi sun dunƙule, na haƙura da su. Amma mafi yawa sun saki, rubutun yana nan raɗau. Ranar da na gama jera littafin waƙoƙin, na zauna a ƙofar ɗakin mahaifiyata na karanta mata shafi guda da irin muryar da yake karantawa. Ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ta daɗe tana riƙe da ita.

Ban bar zauren ba bayan haka. Na ci gaba da rubutu, ana gyara mini ina wankewa, har na kai ina rubuta shafi guda ba tare da ƙamus ba. Abokina yanzu in zai aika wata takarda mai muhimmanci yakan biyo ta rumfa ya ce in duba masa, ni kuma ba na fasa tuna masa da layi biyunsa. Mutumin nan mai maganar asusun banki ma yana nan. Ya taɓa rubuta mini cewa Turancina ya gyaru, saura in daina wannan gaisuwar ta mutanen da. Na amsa masa da Turanci mai tsabta, wanda babu mai gyara ko ɗigo a ciki. Na tambayi lafiyarsa da ta iyalinsa, sannan na ce masa a'a.

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari shi ne, harshen wasu ana koyonsa da ƙanƙan da kai. Sai ka yarda a yi maka dariya, a gyara maka, ka wanke ka sake. Wannan na yi shi, kuma ina kan yi. Amma akwai bambanci tsakanin a gyara maka jimla da a ce ka goge inda ka fito kafin a saurare ka. Na farkon na roƙa da bakina. Na biyun na ƙi, kuma da ikon Allah ƙin nan ne ya tsare mini rubutun mahaifina.

Littattafan suna nan a sabon akwati, nesa da azara. Ni kuma har yau da sallama nake shiga zauren, sunan Kano yana ƙarƙashin sunana. Wanda yake sauri ya tsallake layin farko.