Ranar da na goge rubutun Malam daga cikin na'ura

A ofishin harkar noma da na yi aiki a Kontagora, wajen farkon shekarun casa'in, mu biyu kaɗai muka san cikin kwamfuta, ni da Malam, wanda ya koya mini aikin. Sauran ma'aikata sun ɗauke mu masu hira da aljanu. In sun leƙo ɗakinmu, sanyin iyakwandishan suka zo sha.

Malam ne ya rubuta manhajar da ke adana labarin ruwan sama da amfanin gona daga garuruwan Salka da Bangi da Kaboji. Ɗan gidan malamai ne, saboda haka yadda ya ga iyayensa na sharhi a gefen littafi, haka yake yi wa manhaja. Duk inda ta kira tsarin na'urar don ya buɗe mata fayil ko ya rufe, sai ya bar bayani da Hausa a gefe. "Ka lallaɓa ta a nan, tana da nawa." Ko kuma, "Kada ka taɓa wannan, mai rawar kai." Da ni yake.

Ya rasu da damina, bayan gajeruwar jinya. Ba a jima ba aka kawo sabuwar na'ura mai babban faifai a ciki, wanda ake kasawa ɗaki-ɗaki. Manhajar Malam kuwa da tsofaffin kira take magana, waɗanda ba su san wani ɗaki ba sai wanda suke tsaye a ciki. Kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Aka ce in sauya su da sababbi, irin waɗanda kake faɗa wa hanyar fayil, su ba ka lambar fayil ɗin ka riƙe.

Sauya kiran bai ba ni wuya ba. Bayanan ne matsalar. A gidansu Malam ba a goge sharhin malami, kuma ni ba ni da sauran wurin da nake jin muryarsa sai nan. Na fara barin su yadda suke. Amma da na karanta sai na ga sun koma ƙarya: yana cewa a lallaɓa abin da babu shi. Shi kuwa ya tsani bayanin ƙarya a manhaja, ya taɓa yi mini tatas a kan haka.

Na je wurin shugaban sashenmu, wai in nemi shawara. Ya saurare ni yana ɓare gyaɗa.

"To ita na'urar tana karanta Hausar ne?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To me ya dame ka, ɗana? Goge mana."

Haushi ya kama ni, alhali gaskiya ya faɗa. Na koma na zauna ni kaɗai, ina karanta kowane layi a fili kafin in share shi. Na ƙarshe yana gefen kiran da ke rufe manhajar. Ya rubuta, "Mu tashi haka nan, gobe ma rana ce." Na daɗe da yatsa a kan maɓalli kafin na danna.

Na gwada manhajar, ta buɗe fayil ɗin Salka ba gardama, ta ma fi yadda take a da sauri. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yammacin ba. Na fito, masinja yana shara a baranda.

"An gyara, oga?"

"An gyara," na ce masa.