Dundumin da na ɓoye

Cikina na fari ya tsufa ne a tsakiyar bazara, a ƙauyenmu da ke gangaren dutse, tafiyar hantsi zuwa Buza. Shanu sun bi Fulani kudu, fura sai da ruwa, miya kullum busasshiyar kuka. Ƙwai kuwa an hana mai ciki, wai ɗa zai yi sata. Ban san abin da zai sata a gidan nan ba.

A wata na bakwai idona ya fara mutuwa da magariba. Rana na faɗuwa sai in daina ganin turmi, in riƙa laluben bango. Na san sunan abin, dundumi ne, kuma ko yaro ya san gasasshiyar hanta ce maganinsa. Amma cikin fari ba a zancensa. Yarinya mai kunya ba ta nuna ta san tana da shi, balle ta buɗe baki ta ce tana son nama.

Ranar kasuwar Buza mijina ya tsaya bakin ɗaki yana ɗaure wa jaki igiya.

"Ke, mi za ni sawo miki?"

Hanta tana bakina. Na ce, "Ba komi."

Uwar mijina ta ji, ta yaba ni gaban maƙwabta. Na yi ta karo da randa har wata biyu, ina shan yabo.

Yaron ya zo ƙarami, fatarsa ta yi masa yawa, kukansa kamar na ɗan akuya daga nesa. Ungozoma ta juya shi a tafin hannu, ta dube ni.

"Ɗiyata, mi kika ci tun da rani?"

Na faɗa mata, har da dundumin. Ta ce, "Kin kuwa yi kunya." Ba yabo ba ne.

A ciki na biyu kowace kasuwa sai na aika a sayo hanta, in sa a tsinko mini zogale, in ci a tsakar gida kowa na gani. Aka ce ido ya buɗe. Ya buɗe ɗin, har da magariba. Yarinyar da na haifa a wannan cikin, yau jikokinta ke ɗebo mini ruwa.

Na farin kuwa, kwanan Allah ne, na sani, na kuma gaji da jin haka. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari har ta mutu. Ni wannan kunyar ba ta ba ni wahala ba. Kwana shida ya yi a duniya, ba a kai ga raɗa masa suna ba.