Burodin da Ya Shiga Falaki

Dakta Maiwada mutumin Malumfashi ne. Tun yana yaro, in an tura shi korar tsuntsaye a gonar gero, sai ya tsaya auna tsawon igiyar majajjawa har tsuntsaye su ƙoshi su tafi don kansu. Babansa ya ce wannan ba zai yi noma ba, a bar shi da boko. Boko kuwa ya kai shi har Riyadh, inda wani kamfani ya ɗauke shi aikin lissafin falaki, wato hanyar da tauraron ɗan'adam ke bi yana zagaya duniya. In tauraro ya ɗan kauce, shi ke faɗin yadda za a turo shi ya dawo kan hanya. Shekara tara yana wannan aiki, amma ko ruwan shayi bai taɓa dafawa ba.

Ana nan sai matarsa Kaltume ta ɗauki 'yarsu Hajar, za su gida duba mahaifiyarta na sati biyu. A filin jirgi abu ɗaya ta ja masa kunne a kai: "Baban Hajar, duk kwanon da aka aiko, kada ya koma wayam. Kada ka ba ni kunya a gidan nan."

Gidan da suke zaune bene ne a unguwar Murabba, iyali bakwai, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar. Washegari Hajiya Safiatou, 'yar Maraɗin da ke ƙofa da ƙofa da su, ta aiko da dambu. Ya cinye tas, ya wanke kwano, ya zauna yana kallonsa kamar takardar sammaci. Dabino ba zai yiwu ba, don a Riyadh kowa na da kwalinsa. Can idonsa ya faɗa kan ayabar da Kaltume ta bari, ta yi baƙi ƙirin, ya tuna wani abokin aiki ya taɓa cewa da irinta ake burodi.

Ya je kasuwar Batha ya sayo sikeli. Ya auna fulawa da sukari ba ƙari ba ragi, ya kwaɓa da ayabar ya zuba a gwangwani ya sa a tanderu, ya zana jadawali. Sai dai hali zanen dutse: mutumin da ya saba gyara wa tauraro tafiya ba ya iya barin abu ya tafi shi kaɗai. Duk minti uku sai ya buɗe tanderu, ya juya gwangwanin kaɗan, ya rubuta. Zafi ya yi ta ficewa, burodi ya ƙi tashi, ya fito da nauyin bulo. Dakta ya duba takarda, ya ga lissafi daidai ne, ya sa a kwano ya kai.

Hajiya ta yanka, ta tauna, ta yi salati. Zubar da abinci ba kyau, ga kuma kwanon Bilƙisu ta sama yana jiran cikawa. Burodi ya hau bene. Bilƙisu ta yanka ta tura gaba. A rana ta shida, matar maƙwabcinsa Talle, wadda ba ta san asalin burodin ba, ta aiko wa Dakta, wai shi ɗan boko ne, zai san yadda ake cinsa.

Da wani ne da ya ji nauyi; shi murna ya yi. Zagaye ɗaya, kwana shida! Ya mayar da kwanon da burodin a ciki, ya rubuta a jadawalinsa cewa burodin zai dawo ranar Asabar. Ranar Asabar kuwa sai ga shi, ya ƙara ramewa, ko fumfuna ba ta kusance shi ba.

Kaltume ta dawo ta tarar da shi kan tebur, maigida na nuna mata jadawali yana washe baki. Ta gutsura da ƙyar, ta ajiye, ta daɗe tana duba sawun wuƙa a jikinsa.

"Gida shida suka ci wannan, har sau biyu," in ji ta, "kuma kullum muna waya da su, ba wadda ta faɗa mini."

Sai a lokacin kunya ta kama Dakta, irin wadda bai taɓa ji ba. Kaltume ta ɗaura zani ta ɗora babbar tukunya, ta ce ya jero mata kwanoni shida, kowane gida ɗaya. Ya jera su. Sannan ya ja kujera ya zauna da ragowar burodinsa, ya tauna har ya ƙare, bai sha ruwa ba.