Jakin da Ya Tsayar da Kwamfutar Kawu

Ana sallame sallar asuba muka bar garin Madani, ni da direbanmu, da jakar kayan aikina na gyaran kwamfuta a bayan mota. Kawuna ne ya kira ni. Shi ne sakataren ƙungiyar manoman riɗi a ƙauyenmu da ke gefen Sinja, kuma duk takardun gonakin mutane suna cikin wani babban rumbun ajiya na kwamfuta mai faifai huɗu, don na asali gara ta cinye rabinsu. Ranar Lahadi, farkon makon aiki a nan, ake son takardun a ofis a Sinja, ga shi in an danna folda sai a dafa shayi a sha ba ta buɗe ba.

Hanyar Sinnar, wadda ake bi zuwa Sinja, tana nan yadda na san ta, rami na bin rami. Mun tsaya cin ful, wato dafaffen wake, a bakin titi, kwanon ya ƙanƙance kuɗin kuwa ya yi ƙiba. Mai jabana, gahawar da ake sha a nan, ta zuba mana citta kamar tana fushi da mu. Daga nan sai magudanan ruwa da gonakin dawa har ido ya gaji.

Da hantsi muka isa. Dattawa suka yi caa a kan direba suna "Marhaba, ya muhandis!" Shi kuwa da ya ji an kira shi injiniya bai musa ba, har da gyara hula. Sai da Kawu ya nuna ni ya ce, "Ga muhandis ɗin nan, ɗiyar yayata ce." Wani tsoho ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kwayyis," wato da kyau, amma muryarsa ba ta yarda ba.

Na tambayi Kawu ko an canja wani abu kwanan nan. Ya ce wallahi ko ƙura ba a taɓa ba. Na duba lafiyar faifan ɗaya bayan ɗaya, ƙalau. Zafi ba yawa. Na sauya waya, shiru. Wurin ajiya ko rabi bai cika ba. Amma fitilun faifan sai ƙyaftawa suke ba hutu, alamar wani abu yana ta rubutu a ciki. Ga dattawa jere a taga, kowa da takardar gonarsa a ransa.

Bayan azahar, mun ci kisra, siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa, sai na sa kwamfutar ta ƙirga fayilolin da ke cikin foldar takardun. Ta fara ƙirga ta ƙi tsayawa. Da ta wuce miliyan na ajiye cokalin shayi. Takardun gaske ba su fi 'yan dubbai ba. Sauran duk ƙananan hotuna ne, kuma sababbi na shigowa ina kallo. Duk sanda aka buɗe foldar, sai injin ya bi sunan kowanne kafin ya nuna komai.

Na buɗe ɗaya. Gindin jaki. Na buɗe wani, gindin jaki, wutsiya ta yi hagu. Na gaba ta yi dama.

"Kawu, kuna da kyamara?"

"Af, wagga? Ai don ɓarayin riɗi muka sa ta bakin sito. Ba ta cikin kwamfuta, tana waje."

Ashe wanda ya kafa ta ya saita ta ɗauki hoto duk sanda wani abu ya motsa, ta zuba a foldar takardu. Tun damina kuwa tsohon nan mai "kwayyis" yake ɗaure jakinsa a inuwar siton, jaki kuma ba ya daina korar ƙuda.

Na cire kyamarar, na kwashe takardun zuwa sabuwar folda, suka buɗe kafin Kawu ya gama gyara tabarau. Aka yi ta kabbara a taga. Da na ce zan goge hotunan, mai jaki ya ɗaga sanda.

"Ɗiyata, mi ya yi muku? Ni tun da nike ba a taɓa ɗaukata hoto haka ba. A fidda mini guda, wanda fuska ta fito."

Mun fi rabin sa'a muna nema kafin mu samu inda jakin ya waiwayo. Aka buga masa a takarda, ya naɗe ya sa a aljihu, ya kira ni muhandisa har sau biyu. Gogewar kuwa sai da ta kai washegari.

Muka kamo hanya da safe, da buhun riɗi da lemun tsami a bayan mota, Kawu kuma ya nufi Sinja da takardunsa. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, in mutum ya ce ba a taɓa komai ba, in fita in zagaya ginin da ƙafata kafin in kunce ko ƙusa ɗaya.

Da na shiga gida Inna ta tare ni, ta ce me ya hana injin ƙaninta aiki. Na ce jaki ne. Ta ɓata rai ta ce ko bai iya kwamfuta ba kawuna ne, kada in ƙara.