Surukar Malam Isma'ila

Duk Lahodu an san Laraba da kunya. Tana budurwa aka kawo ta daga Maikujera gidan Mu'azu, ɗan Malam Isma'ila, ta haihu a gidan, ta yi furfura a gidan, amma ko sau ɗaya ba a taɓa jin ta yi wa surukinta magana kai tsaye ba. Ƙannen miji ta sha wasa da su har da jifa da muciya, facalolinta kuwa ba wadda ba ta taɓa sa ta dariya ba. Da zarar ta ji tarin tsohon a zaure, sai bakin ya mutu, ta ja mayafi.

Shi ma Malam bai fi ta ba. In yana son kunun gero, Mu'azu yake gaya wa, ko da Laraba na tsugune a gabansa. Mu'azu ya juya ya maimaita mata, kamar ba ta da kunne. Haka aka tarar ana yi: suruki abin kunya ne, gaisuwa daga nesa, kai a sunkuye.

Sai ga shi Mu'azu ya riga su. Zazzaɓi ya kwantar da shi ana tsakiyar yankan gero, bai tashi ba. 'Ya'yanta mata duk suna gidajen aure, ƙannen miji sun watse neman abinci, gidan ya rage daga ita sai tsoho. Tana dafawa ta ajiye masa a bakin ɗaki, yana ci ya turo kwano, ba mai cewa uffan. Abin tausayi, wallahi.

Da ta fita takaba, wanta Ɗahiru ya zo ɗaukarta. Laraba ba ta son tafiya. Nan ne gidanta, kuma wa zai dama wa tsohon nan kunu? Amma da wane baki za ta faɗa? Ta ɗaure kayanta tana share hawaye, ta fito ta durƙusa a bayan wanta.

"Baba," in ji Ɗahiru, "surukuta aure ka riƙe ta. Tunda Allah ya yi ikonai, mi yar rage? Ka ba mu izini mu tahi."

 Malam ya waiga gefensa, inda ya saba samun mai kai masa saƙo, ya ga tabarma kawai.

"Gaskiya ka hwaɗi," ya ce a hankali. "Surukuta ta ƙare."

Sannan ya ɗago, ya dube ta ido da ido.

"Laraba, ɗiyata, kada ki bar ni ni kaɗai."

Sai ta fashe da kuka. Da ƙyar ta ce, "To, Baba." Ta ɗauki ƙunshin kayanta ta koma ciki.