Sunansa Ado Direba, Ba Ado Jarka Ba

Yau da safe ina cikin buɗe gareji waya ta shigo mini daga Gagarawa. Wai Ado Jarka ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Rasuwar ta girgiza ni, amma wallahi sunan da aka faɗa mini ita da shi ya fi ƙona mini rai. Mutum ya cika, ko wanka ba a yi masa ba, har yanzu Jarka ake ce masa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Ado direba ne a layin Gumel zuwa Maigatari, wani lokaci ya leƙa Sule Tankarkar ranar kasuwa. Ni bakanike ne a nan Gumel, a wurina yake gyara. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai "Injiniya", yana faɗa yana dariya.

In ya dawo daga kasuwar Maigatari sai ya tsaya a bakin gareji ya miƙo mini cuku ta taga. "Na yara ne, kada ka cinye a hanya."

Ba ya tayar da mota sai tsohuwar da ta shigo ƙarshe ta zauna ta gyara zaninta. Fasinja su yi ta masifa, shi ko a jikinsa.

Motar ba tasa ba ce. Wata tsohuwar wagon ce ta wani Alhaji a garin nan. Ba zan kama suna ba, ya san kansa, kuma na san za a kai masa wannan rubutun.

Wata shekara sai motar ta fara shan mai. Man da yake kai ta Maigatari ya dawo da ita har da saura, sai ya zama a hanyar dawowa take fara tari. Baba Ado ne ya fara lura, shi ya kawo ta da kansa, ba wanda ya aiko shi.

Muka wanke kafireto. Muka canja fulogi da filtar iska. Muka ɗaga ƙafafun muka juya, ko birki ne yake riƙewa. Har iskar taya muka ƙara, don yakan rage ta in zai shiga rairayin ƙauyuka. Aka ɗan samu sauƙi, amma ba ta daina ba.

Kullum maganarsa ɗaya: "Injiniya, in tana tafiya ina jin warin mai ta baya. In ta tsaya sai ya ɗauke."

Na kwanta a ƙarƙashinta na duba, ban ga ɗigo ba. Ƙasarmu rairayi ce, ga zafin rana, fetur ko ya zuba ba ya barin shaida. Na ce abin da ya rage shi ne a sauke tanki a duba samansa. Baba Ado ya je ya roƙi mai mota ya bar ta ta wuni a gareji. Amsar da aka ba shi ita ce motar Alhaji ba ta fashin kasuwa saboda tatsuniyar direba.

Ku da kuke yankin nan kun san halinmu. In mai ya ɓace kusa da boda ba a tuhumar mota, direba ake tuhuma. Nan da nan aka gama lissafi: Ado yana zuƙe mai a jarka yana sayar wa masu tsallakawa Nijar.

Shaidarsu kuwa? Wai gemunsa yana warin fetur.

To yaya ba zai yi wari ba? Duk inda motar ta mutu masa a hanya, da bakinsa yake zuƙo mai ta tiyo don ta tashi. Wahalar da ya sha a kan motar ita aka juya ta zama hujja a kansa.

A tsakiyar tasha aka karɓi makulli a hannunsa, a gaban direbobi, da 'yan kamasho, da masu sayar da ruwa. Alhaji ya ɗaga murya ya ce ya gaji da ciyar da ɓarawo. Na ce ban yarda ba, aka ce ai dama abokinsa ne ni. Kafin la'asar wani mai ganin kansa gwanin barkwanci ya laƙaba masa Jarka, sunan ya bi shi.

Daga ranar ba wanda ya sake ba shi makulli. Ya ɗan yi kiran fasinja, yana yi wa waɗanda ya koya wa tuƙi lodi. Da abin ya ishe shi ya tattara ya koma ƙauyensu kusa da Gagarawa, ya kama noman riɗi.

An sa wani direba, motar ta ci gaba da shan mai. An sake sa wani, haka. Su ba a ce musu komai ba, sai aka ce ai mota ce ta tsufa.

Bara kututture ya fasa tankin, dole aka kawo ta aka sauke shi. Ga abin nan a sama, inda ido ba ya kaiwa. Bututun mai ya daɗe yana gogar ƙarfen jikin mota har ya tsage. In tana tsaye tsagar a rufe take, in ta hau gargada sai ta buɗe. Wurin duk ya yi baƙi ƙirin da dattin shekaru.

Na kira Alhaji na nuna masa da yatsana.

Bayan ƙaramar sallah na naɗe bututun a tsumma na hau mashin na je wurin Baba Ado. Na same shi a gindin dalbejiya yana gyaran ƙotar fartanya, ya rame sosai. Na miƙa masa bututun, ya karɓa ya jujjuya, ya sa babban yatsa a kan tsagar, ya kai hanci ya shinshina.

"Ashe ke ce," in ji shi.

Ya yi 'yar dariya, sannan ya dube ni. "Injiniya, Alhaji ya gani?"

"Ya gani, Baba."

"Me ya ce?"

"Ya ce a sa sabo."

Ya sake duban tsagar. Can ya miƙo mini bututun. "Ni ba aiki nake nema ba, idona ma ya yi rauni. A tasha ya faɗa, a tasha nake so ya warware. 'Ya'yana ake ce wa 'ya'yan Jarka. In ya faɗa ka aiko mini."

Na koma wurin Alhaji, na sake komawa, na haɗa shi da manya. Kullum sai ya ce abin da ya wuce ya wuce, a bar tone-tone. A wurinsa ne ya wuce.

Ban taɓa aika wa Baba Ado saƙon nan ba, don ba a ba ni ba. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Na san anjima za a cika motoci a tafi jana'iza. Waɗanda suka yi dariya a tasha za su tsaya a sahun gaba, su ce Allah sarki, mutumin kirki ne. Yana raye bakinku yana ina?

Tunda mai faɗa ya ƙi faɗa, ni na faɗa a nan: Baba Ado bai saci ɗigon man kowa ba. Bututun yana rataye a ƙofar garejina, mai shakka ya zo ya sa yatsa. Gobe kuma tasha zan kai shi.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Ado, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka wanke shi a ranar da ba a ɓoye komai. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka tsare musu mutuncinsu.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ya kuma yi sharin rubutun nan ko zai kai ga 'yan tashar Gumel da Maigatari. In za ku yi masa addu'ar, ku kira shi Ado Direba.