Safayar Kawu Sani

Duk wanda ya san Kawu Sani, yayan mamata, ya san ba ya sayen abu ɗaya. Buta biyu, tocila biyu, tabarau ɗaya a hanci ɗaya a rataye a wuya. In ka yi dariya sai ya ɗaga yatsa ya ce, "A ƙarƙashin teku babu kanti!"

A wani ƙaramin kamfani wajen McLeansville yake aiki, inda ake ƙera safaya ta jiragen yaƙi masu nutso, irin masu aiki da nukiliya da ke farautar wasu jiragen. Nasa rabon bawul ne, ƙarfen buɗe da rufe bututu, girmansa kamar ɗan buhun dawa. Ya ce jiragen sun tsufa, in wani abu ya lalace kuma sabo bai iso ba, sai a cire na jirgin da ke ajiye a sa wa mai fita.

Amma fa bai taɓa ganin jirgin ba, ko iyo bai iya ba! Alhaji Bala, abokin Baba, shi ya laƙa masa Kyaftin. Ranar da aka ɗauki hayar mota zuwa bakin teku, Kawu ya ƙi shiga.

"Haba Kyaftin, ba za ka gaida jiragenka ba?"

"Alhaji, ni na san abin da ke ƙasan ruwan nan. Ku je ku tsoma ƙafa, Allah ya kiyaye."

Kun tuna bikin sunan jikar Hajiya Turai a unguwar Irving Park, da firijinta ya mutu ana gobe taro? Kawu ya gyara shi kafin la'asar, kowa na sa albarka. Da muka dawo gida, ruwan nama na bin ƙasan kicin ɗinmu. A namu firijin ya ciro abin da ya sa wa nata!

Mama ta dafe kai. "Yaya, naman layya ne fa!"

"Jirgin Hajiya ne mai fita gobe. Naki yana tasha."

Hujjarsa kullum ɗaya ce. Ya bugi kwiɓinsa ya ce, "Ubangiji ma ƙoda biyu ya ba mu. Ɗaya taka, ɗaya safaya."

To nasa duka biyun suka tsaya. Aka fara wankin ƙoda, likita ya ce sai dashe. Mama ciwon suga ya hana ta, jinin Baba bai dace ba, ni kuma aka ce shekaruna ba su kai ba. Kawu ya rantse ba zai roƙi kowa ba. Baba ne ya tashi a taron wata-wata na mutanenmu ya ce gwajin jini kawai ake nema tukuna. Ina zaune a baya kusa da takalma, ba na magana a taro, amma ina gani. Alhaji Bala ya shiga goge wayarsa da hula. Hajiya Turai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Saƙon "Allah ya ƙara sauƙi" kam ya cika waya har da hoton furanni.

A asibiti na tambaye shi ko ya ji haushi. Ya ja hancina ya ce, "Hauwa'u, ni ne jirgin da ke tasha yanzu. Ki gaya musu garejin da nake tara safaya a buɗe yake."

Sun kuwa ji. Washegarin sadakar uku aka zo da motoci kwasar kayansa. Alhaji Bala ya ɗauki butocin nan, duka biyun, yana cewa, "Kai, Kyaftin, mutumin kirki!"

Ni tabarau na wuyan na ɓoye, wanda bai taɓa sawa ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da gidan da komai ba ya lalacewa.